Wapa: Daga Masaukin Maniyyata Zuwa Kasuwar Canji

Yau in ka ce wa yaron Kwaciri ko na Sabon Gari za ka je Wapa, abin da zai fara zuwa ransa dala ce da riyal. Kaɗan ne suka san cewa aikin hajji ne ya kafa wannan wuri na Fagge a Kano.

A 1948 Alhaji Mamuda Ɗantata, ɗan attajiri Alhassan Ɗantata, ya shiga gaba wajen kafa kamfanin jigilar alhazai na Afirka ta Yamma, wanda taƙaitaccen sunansa na Turanci, WAPA, ya bi wurin har yau. A lokacin maniyyata kan bi mota ta Chadi zuwa Sudan, su haye Bahar Maliya, kafin jirgin sama ya karɓe tafiyar. Fagge kuwa tun asali zango ce, masaukin fatake da baƙi a bakin ganuwa, ga tashar jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, nan kusa. Maniyyaci kuma dole ya riƙe guzuri da kuɗin da za a karɓa a ƙasar da zai ratsa. Daga nan canji ya samo tushe.

Sauran sana'o'in sun zo sun wuce. Gwamnati ta karɓe harkar alhazai da kafa hukumarta a 1975. Gidan silimar Wapa, inda matasa kan yi cincirindo don finafinan Indiya, ya dushe bayan kaset ɗin bidiyo ya shiga ɗakunan mutane. Canji ne kaɗai ya yi ta haɓaka, kuma dalilinsa a fili yake: tun da gwamnatin Babangida ta karya darajar naira a 1986, ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa da ke son sayo kaya a Dubai ko Sin ya fi samun biyan buƙata a hannun 'yan canji fiye da layin banki. Ciniki ne na amana. Sau da yawa kiran waya ɗaya ya wadatar.

Amfanin ba ƙarami ba ne. Wapa ta ciyar da gidaje masu yawa, ta mai da yaran shago iyayen gida. Sai dai arziki ne da ya jingina da raunin naira, kuma wannan abin damuwa ne. Matsin wuri ma ya sa ana ta yanka tsofaffin gine-gine zuwa ƙananan ofisoshi, wasu a rushe a ɗora bene, har ya zama da wuya baƙo ya gane inda alhazan farko suka yi sahu.

Ya kamata ƙungiyar 'yan canji da Ƙaramar Hukumar Fagge su nemi dattawan da suka ga wancan zamani, a naɗi bayaninsu, a kuma kafa allon tarihi a wurin tun suna raye.