Karen Gadi Ma Yana Bukatar Miƙe Ƙafa

A unguwannin birnin Ikko, irin su Ikeja da Surulere, da wuya mutum ya ratsa layi bai ji haushin kare daga cikin keji ba. Da yawansu 'yan asalin Jamus ne, irin da Max von Stephanitz ya kafa wa ƙungiya a 1899, aikinsu kuwa kiwon tumaki. To, dabbar da ta gaji wuni tana zagaya garke, ina za ta jure ɗauri tun safe har dare? Wannan zama shi ke jawo haushi ba dalili, har da cizon yaran gida.

Masu karnuka su riƙa fita da su da igiya, da sassafe da kuma bayan la'asar, domin kwalta mai zafi tana ƙona musu tafin ƙafa. A bar kare ya sansana abin da ya ga dama a hanya, a kuma ɓoye masa abinci a tsakar gida ya nemo da hancinsa.