Gaskiya ko Jita-jita: Asalin "Bariki" Wurin Lalata Ne?

Da la'asar, a ƙofar wani gida a Nassarawa GRA da ke Kano, wani dattijo mai gadi yana shan shayi ya ce mahaifinsa a bariki ya yi aiki har ya tsufa. Wani saurayi ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, ai ba a faɗar wannan." Dattijon ya ajiye kofi ya nuna ƙasa: "Yaro, nan ɗin da kake zaune, shi ne barikin."

Dattijon ne ke da gaskiya, kuma raina ya sosu da aka nemi ya ji kunyar gumin mahaifinsa.

Kalmar aro ce daga Turanci, "barracks", wato mazaunin soja. Su ma Turawan Ingila a ƙarni na 17 suka aro ta daga Faransanci, asalinta kuma "barraca" ce ta mutanen Sifen, bukka ko rumfar da soja ke kafawa. Babu ƙanshin lalata a cikinta ko kaɗan.

Da Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903, ba su zauna cikin ganuwa ba. Suka sauka a Nassarawa, inda sarki ke da gida tun kafin zuwansu. Bahaushe ya kira mazauninsu bariki, har da masaukin da Bature ke kwana in ya fita rangadi, da sansanin masu haƙar kuza, kamar Barikin Ladi a Filato. Dokar 1917 ta sa a bar fili mai yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Masu ƙetara filin nan su ne kuku da boyi da masinja da tafinta: 'yan bariki na farko.

Daga nan ma'ana ta fara juyawa. Ɗan bariki yana da albashi, ga Turanci a baki, kuma ba ya ƙarƙashin idon mai unguwa ko na iyaye. Mutanen birni suka ga wayo da rashin kunya, suka ce barikanci. Mace kuwa ta fi shan wuya: da an ce 'yar bariki, an gama da mutuncinta.

Tsohuwar ma'anar tana nan da ranta. Kullum masu adaidaita sahu na kai fasinja barikin soja na Bukavu da ke Kano, ba wanda ke sunkuyar da kai.