MACIJI MAI KACAU-KACAU NA HAMADAR AMURKA

'Yan'uwa manoma, a hamadar kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko akwai wani mugun maciji mai kacau-kacau a wutsiya. Ba a samunsa a Afirka, amma danginsu ɗaya da kasa da kububuwarmu, domin haka labarinsa yana da amfani a gare mu. A Jihar Arizona kaɗai akwai irinsa 13.

Kacau-kacau ɗin busassun ɓawo ne irin na farce, suna haɗe da juna. Duk lokacin da ya yi saɓa, sai guda ya ƙaru. In ya ji motsi, yakan kaɗa wutsiya ta yi ƙara, watau gargaɗi ke nan. Amma ba kullum yake kaɗawa ba. Wanda aka taka ba zato, sara kawai yake yi. Yana kuma da ɗan rami tsakanin ido da hanci wanda yake jin ɗumin jiki da shi, har cikin duhu. In rana ta yi zafi yakan laɓe ƙarƙashin dutse ko ƙaya, sa'an nan ya fito da almuru.

Dafinsa yakan kumbura wurin, ya ruɓar da nama, ya hana jini daskarewa. Na wani iri da ke hamadar Mojave yakan taɓa jijiyoyi, har numfashi ya gagara. Ko kan da aka datse yana iya sara, gama bai mutu nan take ba.

To, ga abin lura. A Amurka macizai masu dafi sukan sari mutum 7,000 zuwa 8,000 a shekara, amma waɗanda ke mutuwa wajen biyar ne kawai. Me ya sa? Domin ana kai su asibiti da sauri, a yi musu allurar kashe dafi.

Kububuwa ma takan yi gargaɗi, tana goga jikinta yana ƙara, dafinta kuwa yana sa zubar jini. Mutum yakan ga kamar ya sami sauƙi, bayan kwana biyu jini ya ɓalle masa. Saboda haka:

1. Mu sa dogon takalmi lokacin noma da girbi, mu riƙe tocila da dare.
2. Kada mu sa hannu cikin rami ko tarin kara, sai mun taɓa da sanda.
3. In an sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire masa zobe, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Akwai asibitin saran maciji a Kaltungo, Jihar Gwambe. Ya kamata kowace ƙungiya ta binciki asibiti mafi kusa da ke da allurar, ta kuma ware kuɗin mota tun kafin damina. Jinkiri shi ne ke kisa.