Mece ce motar haibirid, kuma yaushe ya kamata a sauya tsohuwa?

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, ake ta jin sunan haibirid a bakin dillalan motoci. Mota ce mai injin fetur da kuma na lantarki, suna aiki da karɓa-karɓa ko tare. Toyota Prius, wadda ta fito a Japan a 1997, ita ce ta yi mata suna.

Irin ta asali ba a jona ta da wuta. Injin fetur ne ke cika batirinta, haka ma duk lokacin da direba ya taka birki, wani ɓangare na ƙarfin da zai tafi a banza yana komawa batir. Shi ya sa take tsimin mai sosai a cunkoson cikin gari.

Matsalar tana zuwa ne idan batirin ya tsufa. A Amurka, Toyota kan ba shi garantin shekara 8 ko mil 100,000, daga ƙirar 2020 kuma shekara 10 ko mil 150,000. Yawancin motocin Kwatano sun wuce wannan wa'adi kafin su iso, ga zafi da ƙurar Arewa da ke toshe fankar sanyaya batir.

Idan inji ya riƙa tashi a kai a kai, shan mai ya ƙaru, a kai motar wurin bakanike mai na'urar gwaji. In jiki da inji lafiya lau suke, a ganina sauya batir ya fi sayen sabuwar mota sauƙi nesa ba kusa ba. In kuwa inji ya fara shan baƙin mai, birki ma yana neman gyara, a fara neman wata.