Ba Kowane Mai Ne Ke Toshe Jijiya Ba

Da zarar likita ya ce wa mutum jininsa ya hau, shawarar farko da zai ji daga bakin 'yan uwa da abokan arziki ita ce ya daina cin mai. Sai a yi wa man gyaɗa da manja da man shanu da kitsen rago kuɗin goro. Wannan kuskure ne mai tsada, domin yana sa mutane su guji abin da jiki ba ya rayuwa sai da shi, su rungumi wanda ya fi kowanne illa don kawai ya zo cikin leda mai ƙyalli. Abin da ke raba wani mai da wani shi ne siffar ƙananan sinadaran da ke cikinsa, waɗanda masana ke kira asid ɗin mai.

Tun a 1823 wani masani Bafaranshe, Michel Chevreul, ya wallafa bincikensa da ya nuna cewa mai da kitse haɗi ne na waɗannan asid da wani sinadari mai suna gilisarol. Kowane asid sarƙa ce ta ƙwayoyin kabon, galibi 16 ko 18, da haidurojin manne a jikinsu. Idan kowane kabon ya riƙe iya haidurojin da zai iya ɗauka, sai a ce asid ɗin ƙosasshe ne, sarƙarsa kuma a miƙe take sambal. Idan kuwa a wani wuri kabon biyu sun yi wa juna riƙo biyu, sai a sami giɓin haidurojin, sarƙar ta lanƙwashe a daidai nan. Duk wanda ya taɓa ɗaure damin kara ya san miƙaƙƙen kara yana kwanciya lif a kan ɗan uwansa, karkatacce kuwa ba ya bari dami ya matsu. Shi ya sa asid ɗin istiyarik, mai kabon 18 ba giɓi, sai zafi ya kai wajen digiri 69 yake narkewa, oliyik mai kabon 18 da giɓi ɗaya yana narkewa a wajen digiri 13, linoliyik mai giɓi biyu kuwa ruwa ne ko a sanyin da ke daskarar da ruwa. Man kaɗe yana da istiyarik da yawa, don haka sai an murza shi a tafin hannu yake saki. Manja kusan rabinsa ƙosasshe ne, shi ya sa da safiyar hunturu sai uwargida ta jingina kwalbar kusa da murhu kafin ya zubo. Man gyaɗa kuwa mafi yawansa oliyik ne da linoliyik.

Aikin waɗannan sinadarai a jiki ya wuce tara teɓa. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana lulluɓe da tantanin da aka saƙa da asid ɗin mai, kuma masu lanƙwasar ne ke sa tantanin ya yi laushin da zai iya aiki. Bitamin A da D da E da K ba sa shiga jini yadda ya kamata sai da maiƙo, don haka ɗan cokalin man gyaɗa da ake zubawa a kwaɗon zogale yana da aikin da ya fi ƙarin daɗi. A 1929, George Burr da matarsa Mildred, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, suka ciyar da ɓeraye abincin da aka tsame wa mai ƙaf. Girmansu ya tsaya, fatarsu ta yi saɓa, jelarsu ta lalace, kuma abin da ya warkar da su shi ne linoliyik. Yau an san asid biyu ne jiki ba ya iya ƙerawa, dole sai daga abinci: linoliyik da ake samu a gyaɗa da riɗi da agushi, da alfa-linolenik da ke cikin waken suya. Daga dangin na biyun ne asid ɗin DHA yake, wanda ke da yawa a ƙwaƙwalwa da ido, ana kuma samunsa a nonon uwa da kifi mai maiƙo irin sadin.

Ga yaron da tamowa ta kama, mai ma magani ne. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na hatsi ko sukari kalori 4 kacal, alhali cikin yaro ƙarami ne. Markaɗaɗɗiyar gyaɗar nan ta Plumpy'Nut, wadda aka raba da yawa a Maraɗi lokacin ƙarancin abinci na 2005, ƙunshi ɗaya nata mai giram 92 yana ɗauke da kalori 500, fiye da rabinsu daga mai.

Za a ce to ai likitoci ba su yi ƙarya ba. Haka ne, yawan cin ƙosasshen mai yana ƙara nau'in kolestarol da ke taruwa a bangon jijiyoyin jini, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci. Amma abin da aka maye gurbinsa da shi ne ke yanke hukunci. Wanda ya rage kitse ya koma man gyaɗa ko na waken suya ya rage haɗarin ciwon zuciya, wanda kuwa ya bar kitse ya koma farin burodi da lemon kwalba bai tsinana wa kansa komai ba. Masu cewa kakanninmu sun sha man shanu ba abin da ya same su sun manta cewa ɗigo ake yi a kan tuwo, kuma mai cin tuwon a gona ya wuni da fartanya.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa masana yau su ce kaza, gobe su ce kaza. A nan akwai ƙamshin gaskiya. A 1902 Bajamushe Wilhelm Normann ya yi rajistar dabarar cusa haidurojin a man tsirrai don ya daskare ya daɗe bai lalace ba, aka kuma shafe shekaru ana tallata botar da aka yi da shi a matsayin wadda ta fi man shanu lafiya. Ashe idan cusawar ba ta kammala ba, wasu sarƙoƙin suna juyewa su miƙe alhali giɓinsu na nan, su zama abin da ake kira tirans. A 1990 Mensink da Katan, masu bincike a ƙasar Holan, suka nuna cewa tirans yana ɗaga mugun kolestarol, yana kuma sauke mai amfanin, ɓarna biyu a lokaci guda. Bincike ne ya tona kuskuren, kuma abin da ya tona ya ƙara tabbatar da cewa siffar asid ce abin dubawa. Denmak ta fara taƙaita tirans a 2003, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiran kawar da shi a 2018, Nijeriya ma ta hannun NAFDAC ta kafa iyakar giram 2 a cikin giram 100 na mai.

Saura wata matsala da doka ba ta kaiwa gare ta, wato kaskon suya. Giɓin da ke sa man gyaɗa ya zama mai amfani shi ne kuma rauninsa, domin ta nan iska da zafi ke kama shi. Man da aka soya ƙosai da shi yau, awara gobe, kifi jibi, har ya yi baƙi ya yi kauri yana kumfa yana hayaƙi mai yaji a ido, ya riga ya ɓalle ya koma wasu sinadarai masu cutarwa. Ba a raina tsadar mai ba, amma ƙara sabo a kan wannan baƙin ba ya gyara shi. Mai suya ta riƙa zuba kaɗan tana tacewa, ta zubar da shi idan ya kai haka. Mai saye kuma ya leƙa kasko kafin ya miƙa kuɗinsa, ya karanta bayanin da ke jikin ledar biskit da bota kafin ya kai wa yaransa.