"Daunted": Kalmar Da Ta Samo Asali Daga Horon Doki

Yawancinmu mun fara cin karo da kalmar "daunted" ne a takardar Turanci ta WAEC ko JAMB, a sashen da ake cewa a zaɓi kalma mai ma'ana mafi kusa. Da yawa daga cikinmu mukan yi saurin zaɓar "frightened", maki kuma ya tafi. Ma'anar tasu ta yi kusa, amma ba ɗaya ba ce.

Wanda maciji ya faɗo wa daga rufin ɗaki ya razana, wannan shi ne "frightened". Wanda kuwa ya buɗe littafin lissafi ana saura mako biyu jarrabawa, ya ga babi goma sha biyu bai taɓa ko ɗaya ba, gwiwarsa ta yi sanyi tun bai fara ba, to shi ne "daunted". Da Hausa sai mu ce ya karaya. Shi ya sa ake kiran aiki mai karya gwiwa "a daunting task".

Asalin kalmar Latin ne. Romawa suna da "domare", wato horar da dabba har ta yi laushi, kamar yadda ake yi wa sabon doki kafin ya karɓi linzami. Daga nan ta shiga tsohon Faransanci a matsayin "danter". Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Turanci. Wajen shekarar 1300 "daunt" ta riga ta zauna, da ma'anar murƙushe abokin gaba. A hankali ta bar fagen fama ta koma cikin zuciya.

Masu kallon ƙwallo sun daɗe da sanin 'yar uwarta. Ƙungiyar Kamaru ana yi mata kirari da "Indomitable Lions", zakunan da ba sa horuwa, kuma tushen ɗaya ne. Su ne suka doke Ajantina da ci ɗaya da nema a wasan buɗe Gasar Kofin Duniya ta 1990, ga Maradona a fili, su kuma suka ƙare wasan da mutum tara.

A kula da "intimidated". Ita daga "timidus" take, wato matsoraci, kuma galibi akwai wanda ke tsoratarwar da gangan, kamar babban ɗalibin da ke zare wa 'yan aji ɗaya ido a layin abinci. Tarin karatu ba ya zare wa kowa ido, don haka "daunted" ta fi dacewa da shi.

Akwai kuma "cowed". Mu ma da farko mun ɗauka daga saniya take, har muna mamakin me saniya ta yi wa Turawa. Masana sun fi danganta ta da "kúga", kalmar tsohon harshen mutanen arewacin Turai mai nufin danniya.