Awa Biyu Da Suka Kusa Raba Ni Da Surukata

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, abin da ya faru da ni ne, wanda har yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni.

Bayan ƙaramar Sallah ta 2022, mahaifiyar wanda aka sa mana rana za ta dawo daga Umara. Ya kira ni ya ce jirginsu zai tashi daga Jidda ƙarfe 12 na rana, tafiyar kuma awa biyar ce, to ƙarfe nawa zai je tarbarta? Ni kuwa da rawar kaina, wai ga marubuciya, na ce ai lissafin ba wuya, ƙarfe biyar na yamma. Na shiga kicin na ɗora funkaso da miyar taushe.

Ashe Hajiya tun ƙarfe uku ta sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano! Ta gama karɓar kayanta, ta zauna kan akwati tana ta raba ido, layin wayarta na gida kuma yana can ƙasan jaka. Da ya iso, ko kallonsa ba ta yi ba. Shi kuma bawan Allah, maimakon ya rufa min asiri, sai ya ce ai lissafina ne.

To ina kuskuren yake? Tsakanin Kano da Jidda akwai kimanin kilomita 3,400, jirgi yakan ci su cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Wannan ban yi kuskure ba. Abin da na manta shi ne Saudiyya tana gabas da mu, rana tana riga fito musu, don haka agogonsu ya wuce namu da awa biyu. Sha biyun Jidda, ƙarfe goma ne na safe a Kano. Ki ɗora awa biyar, kin ga ƙarfe uku ke nan. Idan kuma daga nan za ki tafi, ƙara awa biyun za ki yi. Sannan duk lokacin da aka rubuta a tikiti, na garin da aka ambata ne. Ki kuma riƙa tambaya, don hanya kan canja: da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai da jiragen alhazai suka yi zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo.

Washegari Inna ta sa ni gaba muka je ba da haƙuri. Na durƙusa kaina a ƙasa na ce, "Hajiya, ki yafe min, laifina ne."

Ta yi shiru, sannan ta yi murmushi ta ce, "Tashi 'yata. Kakana a ƙasa ya tafi, ta Borno ya bi ya shiga Chadi da Sudan, ya tsallake Bahar Maliya a jirgin ruwa, sai bayan shekaru ya dawo. Ni da na yi awa biyar a sama, jiran awa biyu ne zai sa in ƙi ki? Amma gobe in ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba."

Wallahi wannan magana ta fi min bulala zafi. Don haka 'yan makaranta, ranar da malamin jogurafi ya zo darasin lokaci, a daina gyangyaɗi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.